An Ce Mu Juya Baba, Mun Juya Gado

Anti Ramlat, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Tun da mahaifinmu ya faɗo daga kan rumbu bayan girbi, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Bakin kuwa lafiyarsa ƙalau. Da za a sallame mu daga asibiti, malamar jinya ta ja mana kunne cewa mu riƙa juya shi, in ba haka ba fatarsa za ta ɓare.

To Baba tun yana saurayi a kan dama yake kwana, fuska a gabas. Yanzu ma ya ƙara ƙaimi, wai kada mutuwa ta zo ta same shi ya ba alƙibla baya. Na taɓa gwada mirgina shi hagu, ya yi min faɗan da ko ranar da na saki awaki a gonar gyaɗarsa bai yi min ba.

Sai yayana Abdulkabir, wanda kullum shi ne mai dabara a gidanmu, ya ce ai malamar ba ta faɗi yadda za a juya ba, don haka a juya gadon. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, ɗakin kuma ƙarami, ba ya juyuwa a ciki. Sai maza huɗu su fito da shi tsakar gida da Baba a kai, su kewaya, su mayar. Ran farko maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga, ta ga an ɗauko Baba lulluɓe da mayafi, ta saka salati. Kafin la'asar zaure ya cika da masu gaisuwa. Har yau Baba yana gaba da waɗanda ba su zo ba.

Kuma da ya farga yamma yake kallo sai ya hau masifa, a sake fitowa da shi. Anti, mutane na dariya, ni kuka nake yi. Kwankwasonsa na dama ya yi ja, ya buɗe, yanzu har wari ya fara. Ni nake wanke shi, ni nake gani. Ina tsoron gyambon nan ya kashe min uba, ina kuma tsoron ya tafi yana fushi da ni.

Mai jinya, daga wajen Kunci

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na yi dariya, amma ki ajiye komai ki fara da wannan: gyambon da ya fara wari ya wuce aikin gida. Ku kai Baba asibiti gobe, kada a barbaɗa masa toka ko wani garin magani.

Baba bai yi laifi ba don yana son alƙibla, malamar ma gaskiya ta faɗa. Abdulkabir kuma rabin aikin ya yi. Idan kan Baba ya koma arewa, aka kwantar da shi a kan hagu, gabas ɗin dai zai ci gaba da kallo. Ku huta da ɗaukar ƙarfe: ku sauke katifar ƙasa, mutum biyu su ɗaga shi da zanin gado, kada a ja shi. Duk bayan awa biyu a sauya masa ɓari, kuma kada ya hau kan ciwon sai ya warke. A sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, shimfiɗa ta zauna a bushe, a ba shi wake da ƙwai da ruwa sosai.

Zancen hagu kuwa, kada ki yi musu da shi, ba zai ji daga bakin 'yarsa ba. Ku kira limaminku ya yi masa bayanin sauƙin da aka yi wa mai lalura.

Sannan ki zauna kusa da shi ki faɗa masa abin da kika faɗa min. Shi ya gama shirin tafiya, ku ne ba ku gaya masa ba ku shirya rabuwa da shi ba. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri.

Anti Ramlat