Ba Halima Ba Ce

Unguwar Sheshe,
Birnin Kano.

Zuwa ga ƙanwata Muhsina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam Ashafa da yara, Ya ƙara muku rufin asiri a can Kumasi. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi har ta koma islamiyya, sai dai ta ƙi riƙe sandar da likita ya ba ta, wai ita ba ta tsufa ba. Za ki yi mamakin wasiƙa alhali kullum muna waya. Sau biyu na kira ki don in faɗi maganar nan, sau biyu na ɓige da tambayar ki ko ana ruwa a wajenku.

Kin san na je Japan kwas ɗin 'yan jarida na mako uku. Ranar Asabar ta ƙarshe aka kai mu wani gidan tarihi da aka gina don tunawa da wani mai zanen labarai, irin littattafan nan da hoto ke ba da labari, maganar mutane tana cikin ɗan da'ira a saman kansu. Na shiga ina raina abin a zuciyata. An ajiye teburinsa da tabaransa da alƙaluman da bakinsu ya cinye. A ɗaki na ƙarshe akwai akwatin gilashi, a ciki littattafansa ne na firamare, gefen lissafi duk zanen kwaɗi da ƙwari. Matar da ke zagayawa da mu ta ce yayansa ne ya adana su shekara da shekaru. Na daɗe a tsaye a wurin har ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce mata sanyin ɗakin ne.

Muhsina, littattafan zanenki guda bakwai, na labarin kyanwar nan Baraka mai zuwa cefane da kwando, ba Halima 'yar Kawu ce ta hura wuta da su ba. Ni na kwashe su. Ana saura mako ɗaya Babbar Sallah takardar ƙulli ta ƙare a shagon Baba a kasuwar Kurmi, ya aike ni gida in nemo tsofaffin takardu. Lokacin na gama sakandare, ina ji da kaina, ina ganin zane shirme ne da ke hana ki karatu. Na yayyaga su da hannuna, muka ƙulla kanumfari da citta da masoro, kafin la'asar sun ƙare. Da kika dawo kina kuka aka ce ai Halima ce ta share ɗakin da safe, ita ta hura wuta da su. Tana rantsuwa, Hajiya tana yi mata faɗa, ni kuwa ina zaune a bakin zaure ina cin tuwo. Shekararki goma sha uku a lokacin, kuma ban sake ganin kin riƙe fensir don zane ba.

Na yi shekaru ina gyara labaran mutane, ina mayar wa yaran ofis da rubutunsu saboda sun ɗora wa wani laifi ba hujja. Amma shekara ashirin da biyu ina kallo ba ki je bikin Halima ba, ba kya sa sunanta a gaisuwa, ina cewa a raina abin yara ne, zai wuce.

Da na dawo na tafi gidanta a Gwale na faɗa mata komai. Na zaci za ta yi kuka ko ta kore ni. Sai ta yi dariya, ta ce in bar sunkuyar da kai kamar wanda ya zo biko, ai ta daɗe da sani. A makon da abin ya faru aka aiko da masoro daga shago, tana kwance ƙullin ta ga Baraka da kwandonta. Na tambaye ta me ya hana ta nunawa. Ta ce wa zai kunyata babban ɗan gida saboda 'yar riƙo, kuma ta yi ta jira ne in faɗa da bakina. Daga nan ta shiga ɗaki ta ciro takardar daga ƙasan akwatinta. Ta ce ni ta yafe mini, amma abin da take so shi ne ta ji muryarki kafin bikin 'yarta Nana Hauwa bayan Sallah.

Ga takardar nan na haɗa da wasiƙar. Rabin shafi ne, kan kyanwar ya yage, amma har yanzu da ɗan ƙamshin masoro. Lambar Halima tana bayan ambulan. Ni na cancanci fushinki, duk tsawon da zai yi zan jira. Abu ɗaya nake roƙo, ki kira ta kafin ki kira ni.

Ki gaishe mini da Malam Ashafa, da Amir da Zuhra. Hajiya da maiɗakina Ruqayya suna gaishe ki. Hajiya ma na faɗa mata jiya, har yanzu ba ta amsa gaisuwata ba.

Wassalam.
Yayanki mai neman afuwa,
Yahya