Kiran da aka katse daga Tenere

Daga: Habsa Inoussa, matar Illiya Amadou, matuƙin mota, unguwar Dagmanet, Agadez.
Ta hannun Illo Haruna, mai rubuta wa jama'a takardu a bakin babbar kasuwa.

Zuwa ga: Mai Girma Gwamnan Jihar Agadez.

Laraba, 8 ga Mayu, 2024.

Game da: Ƙorafi kan mai riƙe wayar matuƙan hanyar Djado, da roƙon izinin fita neman mota a hamadar Tenere.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta talaka ga shugabansa, da addu'ar Allah Ya dafa maka a wannan shekara ta fari da tsanani, Habsa Inoussa tana neman ka saurari kukanta. Ba ta yi boko ba. Ta zauna a gabana da goyo a baya, ta faɗa, ni kuma na rubuta. Inda kuka ya ci ƙarfinta, na jira.

1. Mijinta Illiya yana tuƙa kat-kat, motar ratsa yashi, tsakanin Agadez da wuraren haƙar zinariya na Djado. Ranar Alhamis, 2 ga Mayu, ya taso daga can da fasinjoji, yawancinsu mutanen Timia ne da lambunansu suka bushe suka tafi neman abin kai wa gida. Har yau da nake rubutun nan motar ba ta iso ba, ba ta kuma koma ba.

2. Mai Girma ya san al'adar matuƙan hamada, amma ladabin takarda ya sa a faɗa. Kowane matuƙi yana tafiya da wayar tauraro, wadda suke kira Turaya. A nan gari kuwa suna aje mutum ɗaya amintacce a tasha, aikinsa kawai ya riƙe waya, ya san wa ya tashi, wa ke hanya. Idan mota ta mutu, shi ake kira, shi kuma ya juya motar da ta fi kusa ta kai ɗauki. Mai wannan aiki a tasharsu shi ne Lukumanu Idrissa, magidanci mai furfura a gemu, aminin Illiya tun suna aparanti, yaran koyon aiki, a gareji ɗaya. Shi ya raɗa wa ɗan farin Habsa suna.

3. Tun da zirga-zirga ta ragu, Lukumanu ya faɗa wani wasan yaƙi na cikin waya, irin wanda mutum huɗu ke haɗa kai ta rezo, wato hanyar sadarwar waya, suna harbin wasu mutanen da ba su taɓa gani ba. Habsa ta ce matarsa Biba ta sha kawo ƙararsa gidansu, cewa tuwo yakan huce a gabansa. In an yi masa magana sai ya yi dariya, ya ce wasan kyauta ne, bai ci ko dala ba, kuma ya fi zaman gulma ko shan ƙwaya. Don a yi adalci, Ranka ya daɗe, akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Ina ganin ire-irensa kullum a inuwar shaguna, ƙarti majiya ƙarfi da aiki ya guje wa, sun sunkuyar da kai kamar masu tsince shinkafa, kuma ba su tare wa kowa hanya ba. Sai dai wasan yana da sharaɗin da ba a faɗa wa mutum a ranar farko. Idan kira ya shigo ana tsakiyar fafatawa, ka amsa, an kashe ka, abokanka su zage ka, darajar da ka tara ta zube. Don haka masu yin sa sun koyi ture kira da ɗan yatsa, ba tare da sun ko duba sunan mai kira ba. Abin da ake ba mutum kyauta ke nan, a karɓe masa kunne.

4. Ranar Asabar, 4 ga Mayu, bayan la'asar, Illiya ya kira. Lukumanu da bakinsa ya amsa cewa ya ture kiran farko da na biyu. A na uku ya ɗauka. Ya ji muryar amininsa yana cewa injin ya buga, sun bar hanya, suna wajen rijiyar Achegour, ruwa ya yi ƙasa. Kafin Illiya ya faɗi ta wane gefe suke, Lukumanu ya ce masa ya yi haƙuri, yanzun nan zai kira shi, ya katse. Ya koma ya ƙarasa wasansa. Da suka ci, abokan suka ce a ƙara ɗaya, aka ƙara. Sai da aka kira magariba ya tuna. Ya kira, wayar Illiya ba ta shiga, kuma ba ta sake shiga ba.

5. A wannan yammacin, motar wani matuƙi mai suna Idi Attaher tana rijiyar Achegour, tana shan iska kafin ta kamo hanyar gida, da bidon-bidon, wato jarkokin ruwa, cike a bayanta. Kira ɗaya ya isa ya juya ta. Ba a kira ba. A shekarar albarka da an sa rai makiyaya za su ci karo da su Illiya, amma bana fari ya kori kowa daga wannan yanki, ko raƙumi ɗaya Idi bai gani ba a hanya.

6. Abin da ya fi ƙona ran Habsa shi ne shirun da ya biyo baya. Ranar Lahadi ta je tasha tambaya, Lukumanu ya ce mata ta kwantar da hankali, rezo ne ke wasa da mutane, har ya saya wa yaron da ke bayanta biskit. Ranar Litinin ayarin da soja ke rakawa ya tashi zuwa Dirkou, ta nan hanyar Achegour, Lukumanu bai gaya wa kowa a duba ba. Sai jiya Talata, da Idi ya titsiye shi a gaban matuƙa, ya durƙusa ya fashe da kuka, ya ce kunya ce ta ɗaure masa baki, yana ta sa rai za su ɓullo da kansu. Habsa ta ce in rubuta cewa da maƙiyi ne ya yi mata haka, da ta san inda za ta aje shi a zuciyarta. Wannan kuwa mutum ne da ta sha zuba wa abinci a kwanon mijinta.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, tana roƙon Mai Girma abubuwa kamar haka.

Na farko, kuma shi ne gaba da komai, izinin fita. Dokar tsaro ta hana mota shiga Tenere daga Agadez sai cikin ayari, kuma Habsa ba ta ja da doka, ta san don kare rayuka aka kafa ta. Amma ayari na gaba sai Litinin, zafin bana kuwa Mai Girma yana jin sa ko a ofis. Matuƙa sun haɗa mai da ruwa, motoci biyu suna tsaye a shingen fita gari tun safe, Idi ne jagora. Sa hannunka kawai suke jira, da rakiyar da ka ga ta dace.

Na biyu, a umarci tasoshin hamada su aje waya ta daban don kiran ɗauki, ƙaramar waya mai maɓalli wadda ba ta ɗaukar wasa. Habsa ba ta ce a hana kowa wasansa ba. Wanda ya ga ya biya shi, shi ya sani. Amma kada a sake haɗa shi da wayar da rayukan mutane ke rataye a kanta.

Na uku, batun Lukumanu ta bar wa hukuma. Ya roƙi a tafi da shi neman, ta ce ba ta hana ba, ba ta kuma yafe ba tukuna.

A ƙarshe, Ranka ya daɗe, uwar Illiya ta sa an share tsakar gida tun jiya, mata sun fara shigowa da fuskar gaisuwa. Habsa ta ƙi a shimfiɗa tabarma. Liman ya ce ba a shiga takaba sai da gawa ko da shaida, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Tana roƙo a bar motocin nan su fita yau. In an same su da rai, alhamdu lillahi. In kuma Allah Ya riga Ya yi ikonSa, a yi musu sutura kamar musulmi, wani ya dawo ya dube ta ya ce ya gani da idonsa.

Tana jiran amsa a ƙofar ofishinka, ta ce ba za ta koma gida ba sai da ita.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba mu damina mai albarka.

Mai biyayya gare ka,
Habsa Inoussa (ta dangwala yatsa)

Wanda ya rubuta da yawunta,
Illo Haruna