Ƙwayoyin da Na Tsinta a Gwangwanin Shayi

Assalamu alaikum, Inna. Gaisuwa ta ladabi daga ɗiyarki Hadiza, nan Mai Wurno.

Jiya aka yi sunan jikan ƙawarki Hajja Rakiya. Na same ta bisa tabarma, jariri a cinya, ɗiyarta Safiya tana gyara mata lulluɓi. Na yi barka da baki kawai. Ƙyashi nake yi, Inna. Safiya tana da uwa.

Can baya, mota ɗaya kuka shiga zuwa asibitin Sinnar, ke da Hajja Rakiya, ni na raka ku. Likita ɗaya ya auna ku, ya ce hawan jini ne, ya ba ku ƙwaya iri ɗaya, kullum da safe har iyakar rai.

Ita ta riƙe. Ke kika sha wata biyu kika bari. Kika ce tana sa ki fitsari, alwala ba ta zama. Kika ce karkade, zoɓon nan mai sanyi, ya ishe ki. In na matsa, sai ki ce, "Mai ciwo ba ya noman kuɓewa, Hadiza. Dubi hannuna."

Safiya sau ɗaya take magana uwarta ta buɗe baki. Ni na roƙa, na yi fushi, na yi kuka. Me take da shi a harshenta da ni ban da shi?

Daga baya kika koma cewa kin sha, ni kuwa na yarda don na gaji. Ranar da kika faɗi a gonar bakin kogi, bakinki ya karkace, kwana uku ba ki ƙara kiran sunana ba. Bayan addu'ar bakwai na buɗe gwangwanin shayinki, ga ƙwayoyin nan cike, ko ɗaya ba ta yi ciwon kai ba.

Watan jiya aka auna ni, ni ma an samu hawan jinin. Ina shan ƙwayar, Inna. Alwalata tana karyewa kamar yadda kika ce, sai in sake. Jikarki Amina ba za ta zauna gidan sunan wasu tana kallon uwar wata ba.

Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Ya ƙara wa Hajja Rakiya kwana, ya wanke mini zuciya in iya gaishe ta da gaskiya.

Taki har kullum,
Hadiza