Nauyin Mai Mota

Coimbatore, Talata

Zuwa ga Appa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, gwiwar mahaifiyata Amma kuma ta yi sauƙi.

Appa, aikina na rawa. Mai garejinmu, Murugesan, ya ba ni zaɓen sifirin da shokozoba na wata motar haɗi, irin wadda kayanta ke zuwa a akwatuna mu ɗaura da kanmu. Ba ta da nauyi, don haka nauyin direba ma yana shiga lissafi. Mai ita, Palaniswamy, tsohon ɗan kasuwar auduga, ya ce shi kilo tamanin ne. Da ya gwada ta, duk kwanar hagu sai ta durƙusa ta ɓangarensa, taya na gogar jikin motar. Ya fito yana cewa, "'Yata, digirin nan naki na dafa shayi ne?" Murugesan ya ce in Asabar ta yi ban gyara ba, in nemi wani wurin. Na sake bin lissafina layi-layi, ban ga kuskure ba. Kada ka faɗa wa Amma tukuna.

'Yarka,
Kayalvizhi

Coimbatore, Lahadi

Appa,

Ina gaishe ku duka, da fatan an tashi lafiya. Yanzu ka faɗa wa Amma!

Na ɗora motar kan sikeli, ɗaya ƙarƙashin kowace taya, na karanta. Sannan na roƙi Palaniswamy ya shiga ya ji daɗin kujera. Na sake karantawa, na cire nauyin motar. Kilo ɗari da huɗu! Na ja shi gefe na tambaye shi yaushe aka auna shi. Ashe a ɗakin ibada ne, ranar da ya cika bakance aka auna mazarƙwaila daidai nauyinsa ya bayar sadaka, shekarar da aka haifi ɗansa. Ɗan nan yanzu likita ne.

Na sa sifirin mai ɗan tauri, na ɗaga ɓangaren dama, na daidaita shokozoba. Jiya motar ta sha kwana kamar an manna ta da titi. Ya sauko yana dariya, ya ce, "Murugesan, ka riƙe yarinyar nan. Amma ke, in matata ta ji lambar nan, ni da ke ne!"

Gobe za a kawo wata motar, kuma ni aka ce in karɓe ta. Mai ita zan fara aunawa.

'Yarka mai ƙaunarka,
Kayalvizhi