Sunan Isah Kaɗai Ya Rage Ƙarƙashin Waƙar

Zuwa ga Inna Surayya,

Assalamu alaikum. Inna, don girman Allah ki taimake ni, kar ki aje wasiƙag ga sai wani mako, don abin da nike ciki ba ya jira. Da hannuna nij jawo bala'i, kuma ba da komi ba sai da waƙa. Waƙa fa, Inna!

Sana'ata tura waƙoƙi da karatu cikin waya, ina da 'yar rumfa a kasuwar Wurno. Asalinmu wani ƙauye ne tsakanin Rabah da Goronyo, 'yan bindiga sunka tashe mu, munka watse, wasu nan Wurno, wasu Goronyo, wasu Sakkwato. Don kar zumunci ya mutu sai nib buɗe muna zaure a WhatsApp, ni ke riƙe da shi. To amma zauren ya koma wurin ta'aziyya zalla. Ka buɗe waya da safe, an kashe wane, an ɗauke wance. Raina yag gaji. Nic ce bari in kawo abin da za ya sa mutane su yi dariya ko sau guda.

Cikin kayan da munka tsira da su akwai wata tsohuwar jikka ta kasakasai, wato kaset-kaset, na marigayi babanmu, Malam Abdulƙadiri. Na sha wahala kahin in juye su a kwamfuta. Nif fidda waƙa biyu da duk ɗan ƙauyenmu yat tashi yana ji, nis sa a zaure, nis sa ƙuri'a ƙasansu, nic ce kowa ya taɓa wadda taf fi mai daɗi.

Ta farko ta Gajere Mai Ganga ce, "An Saki Kara". Ban san ko kun yi wagga al'ada a wajenku ba. Mu dai a da, in an gama kwashe gero da dawa, mai gari na sa a yi shela an saki kara. Sai makiyaya su sauko da shanu, kowa ya nuhi gonar amininsa ya kafa bukka, shanu su ci kara su bar taki. Kowane manomi da Bafulataninsa, tun kakanni. Ranar saukowar Gajere ke tsayawa bakin gona yana kiran sunaye biyu-biyu, manomi da baƙonsa. Kiɗin a hankali yake, kamar tahiyar shanun. Babanmu da kansa yad ɗauke ta da rediyonsa, har ana jin kukan saniya a ciki, ana jin dariyarsa daidai inda Gajere yak kira shi tare da amininsa Almustapha.

Ta biyu ta Lauwali Ɗan Sabuwa ce, makaɗin 'yan tauri, "Wuƙa Ta Ji Kunya". Ita ko wuta ce. Kirari, zuga, kiɗi kamar za ya fasa fata. Ko gurgu yaj ji ta sai ya motsa. Wallahi ni ma ina son ta, da Sallah muna yara bayan Lauwali muke yini.

Da farko abin ya yi daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Masu Lauwali sunka ce waƙar Gajere ta tsohhi ce, a sa ma mai ciwon kai ya yi barci. Masu Gajere sunka ce Lauwali ba ya da murya, ihu gare shi, kuma duk waƙar ba magana ko guda sai ni na wane, ni na wane. Wata gwaggonmu tat turo saƙon murya tana cewa ita ta san Lauwali, ƙato da shi amma kare na haushi shike hayewa katanga. Munka yi dariya har da hawaye. Ƙuri'a na tahiya kai da kai, yau wannan na gaba gobe waccan. Nic ce a raina, to madalla, na yi abin kirki.

Sai Isah yat taɓa tasa.

Isah ɗan Almustapha ne, aminin babanmu da nif faɗa miki. Tare munka tashi, nonon gidansu nis sha ya fi a ƙirga, in sun sauko gonarmu ɗakin innarmu yake kwana. Su ma ba su tsira ba, an kore musu shanu kaf, baƙin ciki yak kashe tsohon, yanzu Isah kabu-kabu shike yi da babur a Goronyo. Yana cikin zauren tun farko, bai cika magana ba. Yaz zaɓi ta Gajere. To mi za ya zaɓa in ba ita ba, Inna? Sunan ubansa na ciki.

Kin san ƙuri'ar waya ba ta ɓoye kowa, kana taɓawa za ka ga wa da wa sunka zaɓi mi. Na san haka sarai, aikina ne, amma ban kawo komi a raina ba. Wani daga cikinmu, har yau ban san ko wane ne ba, yad ɗauki hoton sunayen masu Gajere, yaz zagaye sunan Isah da jan layi, yat tura wasu zaurukan da rubutu ƙasa wai ga masu kewar Fulani nan, a binciki infoma cikinsu. Inna, ke ma kin san abin da kalmar infoma ke nuhi a ƙasarmu yanzu. Ba a tsayawa tambaya. An sha ɗaukar mutum a kasuwa da rana tsaka a kan abin da bai kai wannan ba, sai dai a kai ma iyalinsa takalmansa.

Daga nan mutane sunka fara janye ƙuri'arsu. Ina zaune a rumfa ina kallo, sunaye na ɓacewa ƙarƙashin waƙar Gajere ɗaya bayan ɗaya suna komawa ta Lauwali. Har gwaggon nan mai ba mu dariya. Ban ga laihinsu ba, kowa da 'ya'ya. Yanzu da nike rubuta miki, suna guda yar rage ƙarƙashin "An Saki Kara". Na Isah. Bai janye ba, bai ce uffan ba.

Ni kuwa ban taɓa ko guda ba tun farko, wai ni alƙali ne. Ga inda alƙalancin yak kai ni.

Yayana Zayyanu shi ne abin da yaf fi ci min rai. Ranin da yaw wuce anka harbe babban ɗansa Mujahid a fadama yana ban ruwan albasa. Tun lokacin Zayyanu bai koma daidai ba. Ba ya cin abinci sai an matsa, waƙar Lauwali ita ce a wayarsa safe da yamma. Yaz zo rumfata gaban mutane yac ce min, “Ka taɓa ta Lauwali kowa ya gani, ka fidda yaron ga daga zaure. In ba ka yi ba, kar ƙafarka ta sake taka gidana, ko gawata kar ka zo.” Nic ce Yaya, Isah ne fa. Yac ce shi bai san wani Isah ba, Mujahid yas sani. Ni kuwa, Inna, ni niw wanke gawar Mujahid da hannuna.

Shekaranjiya Isah yat turo min saƙo ni kaɗai. Na ɗauka roƙona za ya yi in kare shi, ko ya zage ni, da ma zagin yay yi da na fi samun sauƙi. Cewa yay yi, in zan goge abin in goge, in zan fidda shi in fidda shi, ba ya riƙe ni da komi. Abu guda shike so, in sa mai waƙar Gajere a memori kahin nan, don ba wani wuri da yar rage a duniya inda sunan ubansa da na babanmu ke tare sai cikinta.

Inna, na rufe rumfa nis shiga bayanta niy yi kuka kamar mace mai takaba. Tsoro nike ji, ba zan yi miki ƙarya ba. In na sa sunana kusa da nasa, ina da mata da 'ya'ya ƙanana, kuma na rasa yayana. In na fidda shi, kamar na sa hannu ne a kan cewa abin da aka faɗa gaskiya ne, kuma kullum yana bisa babur a hanyar da kowa ya san shi. In wani abu yas same shi, da wane ido zan dubi babanmu gobe kiyama? Mi zan yi?

Naki cikin damuwa,
Mai Tura Waƙa, Wurno

*

Ɗana Mai Tura Waƙa,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mujahid, ya jiƙan mahaifinku da amininsa, ya mayar da ku gidajenku lafiya. Na cire sunan ƙauyenku daga wasiƙar da gangan, ka san dalili.

Ban taɓa jin ko ɗaya cikin waƙoƙin nan ba, kuma ba zan zaɓar maka ba. Maganar waƙa ta ƙare tun ranar da aka ja jan layi. Abin da ke gabanka yanzu ran mutum ne, saboda haka share hawaye ka tashi, akwai aiki. Niyyarka mai kyau ce, amma kai da ka san ƙuri'ar na nuna suna, ya kamata ka tuna irin zamanin da kuke ciki. Ya wuce. Kada ka ɓata lokaci wajen cizon yatsa.

Fara da Isah, yau ɗin nan. Kira shi da bakinka, ba rubutu ba, ka gaya masa inda hoton ya kai da abin da aka rubuta a ƙasansa, kada ka rage masa komai don tausayi. Shirunsa na mutunci ne, amma mutunci ba ya tare harsashi. Ya ajiye babur na ɗan lokaci, ko ya koma aiki inda ba a san shi ba, har ƙurar ta lafa.

Sannan kada ka yi wannan yaƙin a waya, a nan ne aka fi ƙarfinka. Ka nemi mai garinku duk inda yake gudun hijira, da limaminku, da dattijo ɗaya ko biyu da suka ga zaman Almustapha a gonarku. Ku tafi da rana, ido na ganin ido, wurin hakimi da jami'an tsaro da shugaban 'yan sa-kai na yankin da Isah ke aiki. Ka ce kai ka sa waƙoƙin, kai ka sa ƙuri'ar, wasa ne, ga wayarka a duba tun daga farko. Dattawa su faɗi ko ɗan wane ne. Zargin da ke yawo ba mai shi yana saurin mutuwa idan mutane masu fuska suka riga shi isa wurin. Wannan ya fi ƙuri'arka amfani ga Isah nesa ba kusa ba, kuma ya fi aminci ga iyalinka, domin ba kai kaɗai za ka tsaya ba.

Bayan haka ka goge ƙuri'ar, ka yi wa zaure bayani a taƙaice cewa ka rufe ta, kuma an kai maganar gaban manya. Amma Isah kam kada ka cire shi. Gaskiyarka ce, cire shi shaida ce a kansa, kuma shaidar zur. Idan zaman zauren ya gagara sai da hakan, gara ka rufe shi gaba ɗaya kowa ya fita tare.

Yanzu yayanka. Kada ka ɗauke shi mugu. Mutumin da aka kashe wa ɗa yana neman inda zai ajiye wutar da ke cinsa ne, sunan Isah kawai ya fi kusa da hannunsa. Kada ka yi gardamar waƙa da shi, kada ka ce masa su Isah ma an zalunce su, ya sani, ba zai iya ji ba ne yanzu. Ya ce kada ka taka gidansa, to ka je. Ka gaishe shi, ka zauna, ko bai amsa ba. Ka ce masa sau ɗaya tak, a hankali, ba za ka iya sa hannu a jinin wanda ba ka ga laifinsa ba, kamar yadda ba za ka yafe wa wanda ya taɓa Mujahid ba. Daga nan ka yi shiru. Ba zan yi maka alkawarin zai sauko da wuri ba. Zai iya ɗaukar shekaru yana juya maka baya, kuma hakan zai yi ciwo. Amma fushin ɗan'uwa ana rayuwa da shi, ana kuma gyara shi. Abin da kake tsoro a kan Isah ba ya gyaruwa.

Batun memori kuwa, ka sa masa waƙarsa, ka kai masa da hannunka, kada ka aika. Ka kuma yi na biyu ka adana. Dariyar da ke cikin kaset ɗin nan ta uban Zayyanu ce shi ma. Kada ka ba shi yanzu, zai jefar. Ka ajiye masa har ranar da zai zo rumfarka da ƙafarsa ya ce yana son jin muryar babansa.

Allah ya tsare ka, ya tsare Isah a kan hanya, ya sanyaya zuciyar yayanka, ya nuna muku ranar da za a sake sakin kara a gonarku.

Taku,
Inna Surayya