Kada Ka Danna Komai a Wayar Umma

Yaya,

Na fita kana barci, motar ofis ba ta jira. Wayar Umma, Allah Ya jiƙanta, tana cikin durowarka, a kashe.

Jiya da rana oga ya ce a gwada sabon tsarin waya, wanda ba a sake shi ba tukuna, a kan tsohuwar waya. Duk gidan nan ta Umma ce kaɗai irinta. Na ɗauka ban tambaye ka ba, na ɗora mata. Komai ya tashi lafiya ban da manhajar ɗaukar murya. Da an taɓa ta sai ta yi fari fat, ta rufe. Na yi ta gwadawa, ta ƙi. Ashe masu ita sun daina gyara ta tun bara.

Na san kullum da safe kana sauraron faɗan da take maka a kan shan magani. Yau babu. Ban kwafe ba, Yaya. Ni da nake cika wa mutane kunne da su kwafe kayansu!

Don Allah, in ta ce a goge manhajar ko a koma tsohon tsari, kada ka danna, komai zai tafi. Da yamma zan zo da abokiyar aikina ta duba.

Muryar tana nan ciki, ƙofar ce ta ƙi buɗuwa. Duk abin da ka ce mini in na dawo, na cancanta.

Ka sha maganinka. Yau ni na faɗa.

Auta