Tirelar Baba Tana Mutuwa a Hanya

Zuwa ga Injiniyana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya aiki, yaya ruwa, yaya ciwon bayan nan naka? Ina fata jirgi yana tafiya lafiya, kuma kukunku ya rage hannu wajen gishiri. Mu nan lafiya lau, sai dai kewarka. Da hannu na rubuta kamar yadda ka roƙa. Zan ɗauki hoton takardar in tura, ka gani duk ranar da kuka kusanci gaɓa sabis ya kama.

Baba yana gaishe ka. Jikinsa da sauƙi sosai, har likitar da ke motsa masa gaɓoɓi ta tambaye ni me muke ba shi. Na ce mata tirela muke ba shi, ta yi ta kallona.

Ka san mitar da na yi ranar da ka kwashe kwamfutarka ta wasa daga ɗakinmu ka kai ɗakin Baba, ka ɗaure sitiyari a jikin tebur, ka jera masa birki da totur da kuloci a ƙasa. Na ce mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tirela ta gaske, don ɓarin jikinsa ya shanye sai a zaunar da shi gaban wasan yara? To na janye. Yanzu da ya karya kumallo sai ya ce in miƙo masa hularsa, yana da lodi. Ya yi bismillah, ya duba madubi hagu da dama, sannan ya ɗaga. Ba ya gudu. Ƙananan motocin cikin wasan kuwa sun sha faɗa har sun gode Allah. In an kira salla sai ya nemi gefen hanya mai faɗi ya faka, ya kashe inji, kafin ya yarda in kawo buta. Hannun hagun nan da ko kofi ba ya riƙewa, yanzu shi ke kan sitiyari in dama ya tafi giya.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne kwamfutar ta fara wani hali. Yana cikin tafiya sai allo ya yi baƙi ƙirin, fankar cikinta ta tsaya, can sai ta sake tashi da kanta kamar yanzu aka kunna ta. Ba ɗauke wuta aka yi ba, don ƙwan ɗakin ko ƙiftawa ba ya yi. In ta dawo, tafiyar da ya yi duk ta goge, sai ya koma inda ya ɗauko kaya. Ranar farko dariya ya yi, ya ce ko motar kwali ma tana da ranar gardama. Yanzu ya daina dariyar. Jiya da ta mutu masa a kan wata gada, ya daɗe yana kallon ƙafarsa, sannan ya ce, "Ni na kashe ta, Malama. Ƙafar nan ba ta jin kuloci." Na ce ba haka ba ne. Bai musa ba, bai kuma yarda ba.

Don Allah ka rubuto mini abin da zan yi, dalla-dalla, kamar kana koya wa 'yar aji ɗaya. Ni malamar lissafi ce, cikin akwatin nan kuwa ban taɓa leƙawa ba.

Gurbin teburin yana nan a ɗakinmu, ƙafafunsa sun bar shaida a kan dadduma. Na so in sa kujera a wurin, na fasa. Ƙarar fankar nan da nake cewa tana hana ni gyaran takardun ɗalibai, yanzu in na ji ta daga ɗakin Baba sai in ga kamar in na leƙa kai zan tarar.

Allah ya tsare mini kai, ya dawo da kai lafiya.

Matarka,
Malama


Zuwa ga Injiniyana,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya gajiya, yaya abokan aiki? Saƙonka ya iso, na karanta har na haddace, har da wurin da ka ce kada in taɓa komai sai na zare waya daga bango. Ka ɗauka ni wace ce?

Na bi abin da ka ce. Na cire filogin daga doguwar soket ɗin nan na sa shi a ta bango kai tsaye. Ta mutu. Na kwance murfin gefe, na kai ta baranda na bi fankokin da ƙaramin buroshi da abin hura iska. Ƙurar da ta fito ta isa a yi filo. Na zare 'yan dogayen faifan nan biyu masu kama da rula na mayar har suka yi ƙas, kamar yadda ka kwatanta. Ina ciki na ga yadda ka tattara wayoyin ka ɗaure su tsaf, irin ƙullin da kake yi wa bakin ledar burodi, wanda nake fama da shi kowace safiya. Sai na zauna a ƙasa da buroshi a hannu, na kasa ci gaba na ɗan lokaci. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce ƙura ce ta shiga mini ido? Na ce eh.

Na kuma buɗe manhajar da ke nuna zafin inji, na zauna ina kallo Baba yana tuƙi. Zafin bai kai inda ka ce a ji tsoro ba, amma ta mutu. Abin da na lura da shi: in karatun Alƙur'ani ko labarai aka sa, tana iya wuni ba ta mutu ba. Sai a cikin wasan take yi, musamman in ruwan sama ya sauko ko ya shiga babban gari mai yawan motoci.

Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na kira mai gyaran da ka ba ni lambarsa. Mutumin kirki ne, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida Baba. Ya yi ta danne-danne, Baba na zaune a bakin gado da hularsa a kai yana jira a ba shi motarsa. Can sai ya juyo ya ce mini, da ƙarfi kuwa, "Hajiya, ina jin direban ne ya tsufa. Sai an cire shi an sa sabo."

Injiniya, da ka ga fuskar Baba. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Hularsa kawai ya cire ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Gaskiya ka faɗa, ɗana."

Sai a lokacin mai gyaran ya gane abin da ya fito daga bakinsa. Ya rikice, yana rantse-rantse, yana cewa wata 'yar manhaja ce da ke tafiyar da katin hoto, wato abin da ke fito da hoto a allo, ake kira direba, ba mutum ba. Ni ma na sa baki. Baba ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, ya juya ya kwanta. Aka sabunta direban nasu, aka gwada, ta sake mutuwa. Mai gyara ya ce zai je ya yi tunani ya dawo.

Tun ranar Baba bai koma kujerar ba. Ya ce in rufe sitiyarin da zane. Abinci sai na tsaya a kansa, kuma da likitar ta zo ya ce mata yau a bar shi ya huta. Hannun ya koma kwanciya a kan cinya. Yayarka ta zo, ta ce da ma ita ba ta ga dalilin wannan shirme ba, a fitar da kayan daga ɗakin kowa ya huta. Na ba ta haƙuri, na ce a jira in ji daga gare ka.

Ba na son in ɗaga maka hankali kana tsakiyar ruwa. Amma kai ne ka san yadda ake yi masa magana ya sauko, ni kuwa akwai iyakar abin da suruka za ta iya faɗa. Da kana nan da wasa ɗaya za ka ja shi da shi ya tashi. Ni ma da na samu wanda zan gaya wa na gaji.

Ka yi mana addu'a, muna yi maka.

Matarka,
Malama


Zuwa ga Injiniyana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ban samu amsarka ba, na san kun yi nisa da gaɓa ne. Ban iya jira ba, ga abin da ya faru.

Na yi tunani, tunda Baba ya ɗora wa ƙafarsa laifi, bayani ba zai cire masa ba sai ya gani da idonsa. Ranar da ba ni da makaranta, bayan na kwashe kwanukan safe, na shiga ɗakinsa na ce mai gyara yana so a gwada masa ita, ko zai ba ni izini in zauna a kujerarsa. Yana kwance ya ba ni baya. Ya ce, "Motar ai ta mijinki ce."

Na yaye zanen, na zauna, kunya kamar ta kashe ni. Ka san ko keke ban iya ba. Kafin in fita daga harabar da ake lodi na kwashe fitilar titi, na goga jikin wata bas, tirelar ta naɗe ta tsaya a karkace. Ina jin gado yana ƙara a bayana, ban waiwaya ba. Na yi baya na daki shinge. Da na hau titi na karya kwana ba sigina, sai na ji an daka mini tsawa: "Ke! Sigina! Haka ake shiga hanya? Buɗe kwanar, jela tana biye da ke!"

Ashe ya tashi zaune. Haka muka tafi, yana ba da umarni ina kwaɓawa, yana salati yana cewa wanda ya ba ni lasisi Allah ya isa. Muka shiga gari, ruwa ya sauko, sai allo ya yi baƙi.

Na ɗaga hannuwana sama, na janye ƙafafuna, na ce, "Baba, ka gani? Ni ma ta mutu mini, kuma ƙafata lafiyarta ƙalau." Ya zuba wa allon ido har ta gama tashi. Sannan ya ce, "Ƙafarki lafiya, tuƙinki ne ba lafiya." Ya ce motar da ba ta mutuwa sai an ɗora mata nauyi, ko a hawa, ba a zargin direba, wuta ce ko mai ba sa isa. Na ce to me ya sa bai faɗa wa kansa haka ba tuntuni? Ya ce in kawo masa shayi in daina surutu.

Da yamma mai gyaran ya dawo, shi ma tunaninsa can ya kai shi. Ya zo da akwatin wuta na gwaji, irin wannan mai fanka da ke ƙasan kwamfutar inda wayar bango take shiga. Ya ce in ya fara gajiya yana iya ɗaukar ƙaramin aiki, amma da katin hoto ya nemi wuta da yawa sai ya saki, komai ya mutu ya sake tashi. Ya sa nasa, ya buɗe wasan, ya nemi wuri mai ruwan sama da cunkoso, ya yi ta zagaye a ciki har aka kira magariba. Ko gezau. Washegari ya kawo sabo mai ƙarfin da ya fi na da, ya ɗaura. Wayoyin dai bai ɗaure su kamar naka ba, na bar maka wannan aikin.

Da zai tafi Baba ya kira shi ya ce, "To, wane ne ya tsufa?" Bawan Allah ya ce akwati ne, Baba, akwati ne. Suka yi ta dariya har Baba ya ƙware.

Ya cinye abincinsa tas. Ni kuwa an kafa mini doka, kada in sake taɓa sitiyarin sai yana kusa.

Gaisuwa daga mu duka.

Matarka,
Malama


Zuwa ga Injiniyana,

Sallama da gaisuwa. Saƙonninka sun shigo a tare, na dariyar da ɗayan. Na gode da yabon, amma ɗayan ya fi zama mini a rai. Na fahimta, wanda zai karɓe ka a aiki ka dawo gida bai samu zuwa ba, kuma ba a barin inji ba mai kula. Ban yi fushi ba. Na dai mayar da labulen da na saya don dawowarka cikin leda, in sun tashi sakinka sai in rataya.

Na rasa yadda zan gaya wa Baba, sai da ya idar da azahar na faɗa masa. Ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sannan ya nemi hularsa.

Na ɗauko takardun ɗalibai na zauna a bakin ƙofarsa ina gyarawa. Ya daɗe yana zaɓen lodi, yana wuce na kusa, har ya samu wanda yake nema. Tafiya ce doguwa, da ruwan sama da hawa da gangara, kwamfutar ba ta yi ko tari ba. Sai wajen la'asar na ɗaga kai na ga inda ya kai kayan. Tashar jiragen ruwa ce. Ya sauke, aka nuna masa ya gama aiki, amma bai ɗauki wani lodin ba. Ya ja kan motar a hankali har bakin shingen ƙarfe, inda ake hango teku da manyan jirage a tsaye, ya ja birkin hannu ya kashe inji.

Ya ce, "Malama, irin wannan ne nasu?" Na matso na duba, na ce naku ya fi wancan tsawo, kuma ja ne daga ƙasa. Ya gyaɗa kai. Na ce ko in kashe masa ya huta? Ya ce a'a, a bar ta, ai yanzu ba ta mutuwa. In jawo kujera in zauna in ina so.

Na jawo. Muka zauna muna kallon jiragen har ladan ya kira salla.

Ka kula da bayanka, ka riƙa cin abinci ko da gishirin. In ka samu sabis, ko layi ɗaya ne ka turo.

Taka har kullum,
Malama